Suna Linzami: Daga Sandamu Zuwa Garin Ci

 Yau ba labarin soyayya na kawo maku ba, maganar suna ce, wato wannan abin da aka raɗa maki kina 'yar kwana bakwai ba tare da an yi shawara da ke ba, kuma shi za a ambata ranar da aka ce wance ta riga mu gidan gaskiya. Abin da ya tayar mani da zancen kuwa shi ne autanmu da Allah Ya yi wa hanyar karatu a ƙasar Jamus. Ranar da ya fara kiran gida muna zaune a tsakar gida a Sandamu, Inna tana tankaɗe, na riƙe mata wayar a kunne, sai ta ce, "Auta, wane gari ne ka ce kake?" Ya ce, "Essen, Inna." Ta ce, "Me?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, da yarensu in an ce essen ana nufin ci, cin abinci." Inna ta aje rariya ta ce, "To alhamdu lillahi, da ma kai tun kana goye ba ka san komai ba sai ci, Allah Ya kai ka garinku."

Bayan an gama dariya ni dai abin ya tsaya mani a rai. Na ce, "Auta, yanzu gari guda sunansa Ci?" Ya ce, "Yaya, ai ba shi kaɗai ba ne. Akwai Giessen, wato zuba ruwa, akwai Siegen, wato cin nasara." Daga nan ya shiga yi mani ƙorafin wahalar yaren, wai kalmar aiki a Jamusanci ba ta zama wuri ɗaya, sai ta riƙa sauya kama kamar hawainiya gwargwadon wanda ya yi aikin. In ni ce nake ci sai in ce ich esse, in ke ce sai a ce du isst, in mu ne wir essen, in kuwa jiya na ci sai ta koma ich ass, can kuma ka tarar da ita ta zama gegessen. Ya ce ga namu mai sauƙi, na ci, kin ci, mun ci, zan ci, ita ci ɗin tana nan daram, wakilin sunan da ke gabanta ne yake ɗaukar wahalar. Na ce masa kada ya cika baki, domin tamu kalmar ma tana da nata rikicin, sai dai a wutsiya take yin sa. Ke uwargida kin fi kowa sani, in kika ba yarinya kwano kika ce ta sayo, daban yake da ki ce ta sayar, daban da ta saye, daban kuma da a ce kaya ya sayu. Harafi ɗaya ne zai sa ta dawo maki da manja ko ta dawo maki ba kwano. Wani Bature mai suna Parsons ya zauna ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai a shekarar 1960 saboda irin wannan sauyin, kuma har yau da rabonsa ake koyarwa a jami'o'i. Ku riƙe wannan "o" ta sayo da kawo da dawo, mai nuna abu ya taho wajen mai magana, za mu sake gamuwa da ita a fadar Daura.

Amma fa sunan garin nan Essen ba daga cin abinci ya samo asali ba. A tsofaffin takardunsu Astnide ake rubuta shi, yau da gobe baki ya tauna shi har ya yi kama da kalmar ci. Shi ma Siegen daga kogin Sieg ya samo suna. Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin Essen shi ne, wajen shekara ta 845 aka kafa wani gidan ibada na mata a wurin, garin ya taso a kewayensa, kuma shugabannin matan nan su ne suka riƙe sarautar ƙasar har farkon ƙarni na 19, kusan shekara dubu ke nan. Da na ji haka na ce ikon Allah, ashe Auta daga garin mata ya tashi ya sauka a garin mata.

Domin kuwa mu mutanen ƙasar Daura da labarin sarakuna mata aka yaye mu. Jerin sarautar ya faro da Kufuru, a cikinsa akwai Innagari, akwai Saidamata, akwai Daurama wadda aka ce ita ta taso da mutane daga Tsohon Birni ta kafa garin da ya ci sunanta. Ku dubi Innagari, ai ba ya bukatar tafinta, uwar gari ke nan. Saidamata kuwa kullum ina yi masa karatu biyu. In kin faɗe shi da murya ɗaya, sai da mata, wato ba abin da zai yiwu in babu mu. In kin karkata harshe kaɗan sai ya koma sai da mata na kai su kasuwa. Ni dai na farkon na zaɓa, wanda ya ga dama ya zaɓi na biyun mu haɗu.

To sai ga baƙo ya zo daga gabas, wanda labari ya ce ɗan sarkin Bagadaza ne, ya biyo ta Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, ya tsaya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya nemi ruwa a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ta ce masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a saboda macijin da ke rijiyar Kusugu. Sauran labarin ko yaron goye ya san shi, kuma rijiyar tana nan har gobe a cikin birni. Abin da nake so ku lura da shi shi ne sunayen. Shi baƙon da kansa, bayanin da aka fi yi wa sunansa Bayajidda shi ne "ba ya ji da", wato mutumin da a da ba ya jin yaren garin. Jimla ce sukutum, da korewarta da lokacinta, aka naɗe ta ta zama sunan mutum. Macijin sunansa Sarki, don haka wanda ya kashe shi ya zama Makas Sarki.

Inda abin ya fi daɗi shi ne wajen haihuwa, domin nan ne za ki ga kishi tsirara, irin wanda muke rubutawa a littattafanmu ana cewa mun cika ƙari. Daurama ta ba mijinta baiwa, Bagwariya. Bagwariya ta riga ta haihuwa, ta sami ɗa namiji, ta sa masa suna Karɓagari. Ku ji fa! Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba, kawai duk sanda aka kira yaron a tsakar gida an faɗa wa uwargida cewa gari ya tafi. Da Allah Ya ba Daurama nata ɗan sai ta sa masa Bawo, wato a bawo garin, a maido shi wajen masu shi. Ga "o" ɗin nan da na ce ku riƙe. Da harafi ɗaya Magajiya ta juyo da gari gida. Habaici ne aka yi da zanen suna, kuma ya fi na zanen atamfa daɗewa, tun da ga shi muna maimaita shi bayan ɗaruruwan shekaru. 'Ya'yan Bawo su ne aka ce sun watsu suka yi sarauta a Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka cika Hausa Bakwai, kuma wanda ya je Rano sunansa Zamnakogi, shi ma aiki ne da wurin yin sa. Masana tarihi suna ta ja-in-ja a kan wane ɓangare na labarin nan ne ya faru, wane ne hikimar magabata. Har wani Bajamushe mai suna Dierk Lange na jami'ar Bayreuth ya yi rubuce-rubuce a kansa. Sunansa Lange kuwa, in da a nan aka haife shi, Dogo za a ce masa.

In kin fito daga birni kin dubi ƙananan hukumomi biyar na masarautar, Daura da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, za ki ga rabinsu kalmomin da muke furtawa kullum ne. Ɓaure itace, Mai'aduwa wurin da aduwa take, Zango inda fatake ke sauke kaya. A nan ƙasarmu ga Rijiyar Tsamiya, ba sai an tambayi me aka tarar a wurin ba. Shi Zango sunan ya yi matuƙar dacewa da tarihinsa. A 1805 lokacin jihadi Malam Isiyaku ya karɓi Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka yi ta yawo, daga baya wani reshe ya zauna a Zango wajen 1825, wani a Ɓaure. Sai bayan zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20 aka ɗauko Malam Musa daga Zango aka maido shi gadon Daura. Zango ne na kusan shekara tamanin, amma dai zango ne, an tashi. Daga gidan nan ne aka sami Sarki Abdurrahman da ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, da Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sannan Umar Faruk Umar ya hau a 2007.

Ita kanta Daura tana da 'yan uwa a cikin magana. Akwai daura da, kamar ki ce gidanmu yana daura da masallaci, akwai kuma ɗaura mai lanƙwasa, ta ɗaurin aure da ɗaurin ɗankwali. Mai buga mani littafina na farko bai damu da lanƙwasa ba, sai ga shi ya rubuta "an daura aure a Daura", wata mai karatu daga Kano ta aiko tana tambayata ko da gangan na yi. Sandamu kuwa, muna makarantar kwana 'yan birni suna tsokanarmu da ƙauyanci, mu kuma mu raba sunan uku mu ce masu, "Ko kun ƙi ko kun so sai kun san da mu." Wasan yara ne, ba tarihi ba ne, amma ya sha raba mu da kuka.

Yanzu bari in shigo cikin ɗaki, inda sunan ya fi ciwo. Kakata ta wajen uwa sunanta Abarta. Ina ƙarama na ɗauka suna ne kawai kamar Ladi ko Jummai, sai da na girma Inna ta gaya mani cewa 'ya'ya huɗu uwarta ta binne kafin ita. Da aka haife ta sai aka ce a bar ta. Da namiji ne da Abarshi za a ce, kun ga har jinsi sunan yake bambantawa kamar yadda kalmar aiki take yi. Roƙo ne uwa take yi duk sanda ta buɗe baki ta kira 'yarta, safe da yamma. Irinsa ne Barau, da Barmani, wato bar mani, da irin lafazinmu na nan da ba mu cika cewa mini ba. Marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa, mai kiɗan ƙwarya da ta rasu a 2013, sunanta na yanka Sa'adatu, amma duniya da wancan roƙon ta san ta. Wasu kuma sukan yi kamar ba su damu da yaron ba don mutuwa ta kau da kai, su ce Ajuji ko Ayashe. Wanda aka haifa ana tsuga ruwa Anaruwa, wanda ya zo lokacin sabon gero Citumu, wanda ya daɗe a ciki Shekarau, wanda aka sha rubutu kafin a same shi Sharubutu. Waɗannan sunaye sun fita daga ɗakin haihuwa sun hau kujeru. Malam Ibrahim Shekarau ya yi gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011, a Gana kuma Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya zama babban limamin ƙasa a 1993.

To ina aka samo wannan al'ada ta lanƙaya wa mutum sunan gari a bayan nasa? Kafin boko, Bahaushe wane ɗan wane ne, ko a kira shi da sana'arsa ko laƙabinsa, kuma ba a gadon laƙabi dole. Da Turawa suka buɗe makarantu, irin wadda Ɗan Hausa ya fara a Kano a 1909 da Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, rajista ta bukaci suna biyu, ga Muhammadu goma a aji ɗaya, ga kuma kunyar ambaton sunan mahaifi. Sai aka koma kiran yaro da garinsu. Sardauna a makaranta Ahmadu Raba ne, daga baya ya ɗauki Bello, sunan kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abubakar ɗan Yakubu ya zama Tafawa Ɓalewa har ya yi firayim minista da sunan garinsu. Aminu ɗan Malam Yusufu ya zama Aminu Kano. Haka Isa Kaita, haka Shehu Shagari da ya shugabanci ƙasa daga 1979 zuwa 1983. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina, ga itacen aduwa ya sake fitowa, har ya kai fadar shugaban ƙasa a 2007. Mu marubuta ma ba a bar mu a baya ba, ga Bilkisu Ahmed Funtuwa, ga Ado Ahmad Gidan Dabino. Hajiya Gambo kuwa ba gari ta ɗauka ba, kalmar gwagwarmayar NEPU ta ɗauka, Sawaba, ta tafi da ita har kabari a 2001.

Jamusawa sun riga mu bin wannan hanya da ɗaruruwan shekaru, sai dai su nasu ya daskare ya zama gado. Sunan da ya fi yawa a ƙasarsu Müller, wato mai niƙa, sai Schmidt maƙeri, sai Schneider tela. Mutum zai zama likita amma yana amsa Tela saboda wani kakansa da ya riƙe allura shekara ɗari biyar da suka wuce. Shugabansu na 1982 zuwa 1998, Helmut Kohl, sunansa kabeji ne ba ƙari. Shi Ɗan Hausa sunansa Vischer, wato masunci. Malamin mishan ɗin nan Schön da ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, sunansa na nufin kyakkyawa, kuma yawancin Hausar da ya rubuta daga bakin Dorugu ya ji ta, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram, maƙwabtanmu na arewa, wanda matafiyi Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Shi Barth da ya ratsa Katsina da Kano a 1851, Abdulkarim yake amsawa. Kun ga su ma in sun zo nan sai sun sake suna.

Abin da bai yi mani ba a tsarinsu shi ne abin da ya shafe mu mata. Dokarsu da ta fara aiki a 1900 ta wajabta wa mace ɗaukar sunan gidan mijinta, kuma sai a 1994 aka yi dokar da ta bar kowa ya riƙe nasa in ya so. Ku dubi Angela Merkel da ta shugabanci Jamus shekara 16, daga 2005 zuwa 2021. Sunan gidansu Kasner. Merkel sunan mijinta na fari ne, wanda ta aura a 1977 suka rabu a 1982. Aure ya mutu da shekara biyar, suna ya zauna mata har tsufa, duniya duk tana kiranta da sunan mutumin da ba ya tare da ita. Mijinta na biyu sunansa Sauer, wato mai tsami, wataƙila shi ya sa ba ta yi ɗokin canzawa ba.

Su suna fita daga wannan ɗaki mu kuma muna rububin shiga. Yarinya za a ɗaura mata aure ranar Asabar, ranar Litinin ta goge sunan mahaifinta a waya ta sa na ango, wai wayewa. Alhali Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi zaman aure da Waziri Giɗaɗo shekara da shekaru, ta rasu a 1864, ba wanda ya taɓa ce mata Asma'u Giɗaɗo. Nana A'isha 'yar Abubakar ce har yau, ga kuwa wanda ta aura, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malamai suna kafa hujja da Suratul Ahzabi cewa ga mahaifi ake danganta mutum. Har ma akwai wanda ya ɗauki na uwa ya yi shugabancin ƙasa da shi, Janar Murtala Ramat Muhammad, kuma ƙanwarsa marubuciya Balaraba tana amsa Ramat ɗin. Wani abin dariyar, matar da kunya ba ta barin ta ta furta sunan maigida, sai dai ta ce "shi" ko "baban su wance", ita ce za ta je awo a tambaye ta cikakken suna a gaban mata hamsin ta rasa yadda za ta yi da bakinta.

Ba daga sama nake wannan magana ba, ni ma na ɗanɗana. Takardar firamarena tana ɗauke da sunan Baba. Da na shiga sakandare mu uku ne masu suna ɗaya, sunan iyayenmu maza ma ɗaya, malamin rajista ya ɗaga kai ya ce, "Ke daga ina?" Na ce Sandamu. Shi ke nan ya rubuta, da shi na yi jarrabawar fita. Bayan aure na je buɗe asusu, ma'aikacin ya tambayi sunan maigida ya cike da kansa, ni kuma amarci yana ɗibata na ji daɗi ma. Na zama mace ɗaya mai suna uku. Ban san na yi wa kaina tarko ba sai da aka zo haɗa asusu da lambar katin ɗan ƙasa, sunaye suka ƙi haɗuwa, aka rufe asusun da kuɗin littafina a ciki, ga mai ɗab'i yana jiran cikon kuɗinsa, ga yarinyata ba lafiya. Wata uku ina zirga-zirga tsakanin Sandamu da Daura da Katsina, sai da na yi rantsuwa a kotu cewa ni ce ni, na biya aka buga a jarida, sannan aka sakar mani haƙƙina. Wata ƙawata nata ya fi nawa muni, domin takardar shaidar malantarta da sunan mijin farko ta fito, sun rabu, ta yi wani auren, yanzu duk wata albashi yana shigowa da sunan tsohon miji, sabon kuma yana gani a waya. Ta ce mani ba ranar albashin da ba a kwana da fushi a gidan.

Da na tashi gyarawa sai na koma wa sunan Baba, na bi shi da Sandamu, haka yake a bangon littattafaina yanzu. Maigida da na yi masa bayani cewa ya yi, "Da ma ni ban ce ki ɗauki nawa ba, ke kika ga ana yi." Ban ce komai ba don gaskiya ya faɗa.

Shi kuwa Auta, da yake a makarantarsu shi ma Sandamu aka rubuta masa, da shi fasfo ɗinsa ya fito. Kwanan baya ya kira yana ba mu labari cewa a can sun ɗauka sunan zuriyarmu ne, a ƙofar ɗakinsa da akwatin wasiƙunsa duk shi aka manna, tsohuwar da yake haya a gidanta kullum da safe sai ta ce masa Herr Sandamu, wato Malam Sandamu, har tana tambayarsa ko duk danginsa haka ake kiransu. Ya ce mata mutanen gari guda ne da kasuwarsu da hakiminsu. Inna tana jin mu, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "To ka gaishe ta. Ko ba komai dai yanzu sun san da mu."